Tambayoyinku: Kwasakwasa, tsuntsuwar da bakinta ya fi cikinta ɗauka

Assalamu alaikum jama'a. Tunda muka sa hoton kwasakwasa a fitowar da ta wuce tambayoyi suke ta shigowa, wasu ma cewa suke hoton haɗi ne aka yi da kwamfuta. Ba haɗi ba ne, tsuntsuwa ce ta gaske, wasu na ce mata bubuƙuwa. Na tsinto tambayoyin da suka fi maimaituwa, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

Tambaya: Malam, dan Allah wannan jakar da ke rataye a ƙarƙashin bakinta, wai da gaske ne a ciki take tara kifi ta ajiye sai ta ji yunwa? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, wannan maganar kusan kowa haka ya ɗauke ta, ni ma haka na tashi ina ji, amma ba haka ba ne. Jakar nan ba rumbu ba ce, koma ce ta kama kifi. Fata ce mai talewa kamar roba, tana manne da muƙamuƙin ƙasa, shi kuma muƙamuƙin ƙasan wasu siraran ƙasusuwa ne guda biyu masu lanƙwasuwa, idan ta cusa baki cikin ruwa sai su buɗe su yi faɗi, jakar ta cika tim da ruwa da duk abin da ke cikin ruwan. A manya daga cikin tsuntsayen nan jakar na ɗaukar ruwa ya kai lita 11 har 13, wato wajen ninki uku na abin da cikinta zai iya ɗauka. To kinga ai ba za ta iya tashi da wannan nauyin ba, ko ɗaga kai da kyau ma sai da ƙyar. Sai ta sunkuyar da baki ta matse jakar, ruwa ya tsiyaye ta gefe, kifi ya rage, sannan ta ɗaga kai sama ta haɗiye shi ɗungurungum ba tauna ba komai. Duk abin nan bai wuce minti ɗaya ba. Kifin da za ta kai wa 'ya'yanta ma a cikinta take kai shi ba a jaka ba.

A ɗan lokacin nan da take tsiyaye ruwa ne ɓarayi ke samunta. Akwai wasu ƙananan tsuntsayen bakin teku marasa kunya da har a kanta suke sauka, suna jira ta ɗan buɗe baki su fizge kifin, ita kuma baiwar Allah ba yadda za ta yi.

Jakar tana da wani aikin kuma. Tsuntsu ba ya gumi, to idan rana ta yi zafi sai ki ga ta buɗe baki tana karkaɗa fatar nan da sauri sauri, iska na bi ta kai tana sanyaya jini, fankarta kenan. Wani lokacin kuma sai ta yi wata irin hamma ta juyo da jakar waje ta ɗora a wuya tana miƙar da ita, wanda bai taɓa gani ba sai ya rantse tsuntsuwar mutuwa za ta yi. A ƙarshen bakin sama akwai ɗan ƙugiya, da shi take riƙe kifi mai santsi.

Tambaya: Iri nawa ne, kuma a ina ake samunsu? Ni da na ga hoton sai na ɗauka wata irin shamuwa ce. Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa ba shamuwa ba ce, dubi ƙafa kawai. Shamuwa da zalɓe dogayen ƙafafu gare su suna takawa cikin ruwa, ita kuwa kwasakwasa ƙafarta gajera ce, iyo take yi, kuma yatsunta duka huɗu a haɗe suke da fata, agwagwa ma uku ne kawai nata a haɗe. Shi ya sa a ƙasa tafiyarta abin dariya, tana rangaji kamar wadda ta sha kaya, amma a ruwa da sama wata aba ce daban.

Iri 8 ne a duniya, kuma in ka cire yankin ƙanƙara na Antatika babu nahiyar da ba su. A Afirka biyu ne. Akwai babbar fara, wadda namijinta kan kai kilo 9 zuwa 15, in ta buɗe fukafukai kuma daga wannan baki zuwa wancan ya kan wuce mita 3, ka kwatanta da tsayin mutum ka gani. Lokacin aure farin nata ya kan ɗauki wani ruwan hoda mai kyau. Sai ƙaramar, mai ruwan toka toka da ɗan ruwan hoda a gadon baya, ita a kan bishiya take sheƙa, wani lokacin ma kusa da gidajen mutane, kuma ta fi son kamun kifi ita kaɗai. Ita babbar a ƙasa take sheƙa, a tsibiri ko wani wurin da dabba ba za ta iya kaiwa ba, dubbai a wuri ɗaya.

Wuraren da suka yi suna da babbar farar akwai gandun tsuntsaye na Djoudj a arewacin Senegal, kusa da bakin kogin Senegal, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, akwai tafkin Shala a Habasha, tafkin Nakuru a Kenya, gaɓar Walvis Bay a Namibiya, sannan dutsen Wase a Najeriya an daɗe da saninsa a matsayin wurin da suke ƙyanƙyasa a can ƙololuwa. A Turai kuma inda kogin Danube ya faɗa teku a Romaniya nan ne babbar matattararsu. Waɗannan na Turan ba sa zama lokacin sanyi, sai su yo ƙaura zuwa Afirka, suna bi ta Turkiyya da Isra'ila dubbai dubbai.

Sauran shidan a taƙaice: akwai ta Dalmeshiya mai murɗaɗɗen gashi a ƙeya kamar wadda ba ta taje kai ba, daga Girka har Mongoliya ake samunta kuma ita ake ɗauka a mafi girma, akwai mai ɗige ɗige a baki ta Indiya da Sri Lanka da Kambodiya, akwai ta Ostireliya wadda bakinta ya fi na kowane tsuntsu a duniya tsawo, ya kan kusa rabin mita. Nahiyar Amurka na da uku, fara ɗaya, mai ruwan ƙasa ɗaya, da ta gaɓar Peru da Chile. Farar ta Amurka tana da wani abin mamaki, lokacin aure sai wani abu kamar ƙaho ya tsiro mata a kan baki, mace da namiji duka, in an gama saka ƙwai ya faɗi da kansa.

Tambaya: Malam ya ake yi tsuntsu mai wannan nauyi da wannan baki ya iya tashi, balle ya kama kifi mai gudu? Daga wani injiniya.

Amsa: Injiniya wannan tambayar taka ita ta fi yi min daɗi, don a nan ne duk wanda ya raina tsuntsuwar nan yake jin kunya. Girman nata yawanci iska ce. Ƙasusuwanta fanko ne, kuma ƙarƙashin fatarta cike yake da wasu 'yan jakunkunan iska, shi ya sa a kan ruwa take yawo sama sama kamar an jefa balan balan, ba ta nutsewa. Tashin farko dai da wahala, sai ta yi ta dukan ruwa da ƙafafu biyu a tare tana kaɗa fiffike kamar jirgi mai lodi, amma da zarar ta ɗaga shi kenan. Ta kan naɗe wuya ta kwantar da kai a kafaɗa, ta nemi iskar zafi da ke tasowa daga ƙasa idan rana ta ɗaga, ta yi ta kewaya a ciki tana hawa ba tare da ta kaɗa fiffike ba, kamar dai yadda ungulu ke yi, har ta kai tsayin mita 3,000. Da wannan dabarar suke iya zuwa cin abinci a ruwan da ke da nisan fiye da kilomita 100 daga sheƙa su dawo. In suna tafiya rukuni kuma layi suke yi ko su yi siffar bakin kibiya, na gaba yana yanka iska na baya suna samun sauƙi.

Kamun kifin iri biyu ne. Fararen manyan nan gayya suke yi. Za ka ga kamar 8 ko 10 ko fiye sun jeru a ruwa sun yi rabin da'ira, suna iyo a hankali suna kora kifi zuwa inda ruwa ba zurfi, can sai ka ga duk sun ɗaga fiffike sun tsoma baki a lokaci ɗaya, kamar akwai mai ba su umarni, su ɗago a tare, su matsa gaba su sake. Kifin da ya kuɓuce wa wannan sai ya faɗa bakin na kusa. Wallahi ranar da na fara ganin wannan da idona na manta ina riƙe da kyamara, har suka gama ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, kuma ban yi da na sani ba.

Mai ruwan ƙasa ta Amurka ita kuma daga sama take faɗowa. Ita ce ƙarama a cikinsu, ba ta cika wuce kilo 5 ba. Tana shawagi a kan teku, in ta hango kifi sai ta kife ta taho da ka daga tsayin da kan kai mita 15 ko fiye, dab da ruwa ta maida fukafukai baya ta shige kamar mashi. Jakunkunan iskan nan su ke tare mata ƙarfin bugun. Kuma kai da kake injiniya ga abin da zai burge ka, kafin ta taɓa ruwa sai ta ɗan murɗa jiki hagu, saboda maƙogwaronta da hanyar abincinta ta gefen dama na wuya suka bi, tana kare su kenan. Ƙananan da ba su ƙware ba suna yawan kuskure, sai a hankali suke koyo.

Tambaya: Na ga bidiyo ta haɗiye tantabara da ranta. Anya ba za ta haɗiye jariri ba? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya kwantar da hankalinki. Bidiyon gaskiya ne, an taɓa ɗaukar hoton irin haka a wani lambun shaƙatawa na St James a Landan a 2006, inda ake ajiye kwasakwasa tun 1664 da jakadan Rasha ya kawo wa sarkin Ingila kyautarsu. A gaɓar Afirka ta Kudu ma an san suna cin 'ya'yan wasu tsuntsayen teku. Amma jakar ce babba, maƙoshin yana da iyaka, kuma bakin ba shi da ƙarfin yayyaga nama. Suna dai gwada bakinsu a kan duk abin da suka gani, to kar a bar yaro ya matsa kusa, don ƙugiyar nan tana iya yankar fata ko ta taɓa ido.

Tambaya: Wani malaminmu ya ce tana huda ƙirjinta ta shayar da 'ya'yanta jininta in babu abinci. Haka ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Malaminku bai ƙirƙira ba, tsohon labari ne da Turawan zamanin da suka yi imani da shi ɗaruruwan shekaru, har suna zana shi a majami'u da tambarin gidajen sarauta, kuma yanzu haka in ka dubi tutar jihar Louisiana a Amurka hoton da ke jiki kenan, uwa da 'ya'ya uku da ɗigon jini. Amma labari ne kawai. Abin da ake zato ya jawo shi, ta kan kwantar da baki a ƙirji in tana hutawa ko tana amayo abinci, ga kuma ja a bakin wasunsu lokacin aure, daga nesa sai a ga kamar jini.

Gaskiyar abin ma ba ta kai labarin daɗi ba. Yawanci ƙwai 2 take sakawa, uwa da uba suna karɓa karɓa wajen kwanci wajen wata ɗaya, kuma da tafin ƙafa suke rufe ƙwan suna ɗumama shi. 'Ya'yan suna fitowa tsirara ba gashi, munana ƙwarai, ba mai ganinsu ya ce za su zama wani abu. Na farko ya kan riga na biyu fitowa da kwana ɗaya ko biyu, to wannan 'yar tazarar ita ce komai, babban sai ya yi ta saran ƙaramin yana hana shi abinci har ya mutu ko ya faɗo daga sheƙa, iyayen suna kallo ba sa rabawa. Sau da yawa ɗaya ne ke rayuwa. Ƙwai na biyun kamar ajiya ne ko na farkon zai lalace.

Wanda ya rayu kuwa yana shan gata. Da fari amayo masa narkakken kifi ake yi, in ya yi wayo sai ya dinga cusa kansa gaba ɗaya cikin maƙoshin uwar yana zaƙulowa, kai ka ce haɗiye shi za ta yi. Bayan 'yan makonni 'ya'yan masu sheƙa a ƙasa sai su haɗu garke guda, kuma duk yawansu kowace uwa nata take nema ta ciyar, ba ta ba ɗan wata. Wajen wata biyu da rabi sun fara tashi. A daji su kan yi shekara 15 zuwa 25.

Tambaya: Ni fa ban gane ba, mutum da hankalinsa ya kashe kuɗi ya yi tafiya don kawai ya kalli tsuntsu? Me ake samu? In kuma ina so in gwada ta ina zan fara? Daga wani mai shakka.

Amsa: Yallaɓai ai gani ya kori ji, amma bari in gwada. Yawancin tsuntsayen da masu wannan sha'awar ke bi ƙanana ne, suna ɓuya cikin ganye, kafin ka saita madubin hangen nesa sun tashi, sabon shiga sai ya gaji ya ce ba zai iya ba. Kwasakwasa kuwa ga ta nan ƙatuwa a fili, ba ta sauri, ba ka buƙatar wani gwani ya gaya maka sunanta, kuma kullum cikin yin wani abu take, ko gyaran gashi ko gayyar kifi ko faɗa da maƙwabciya a kan gurbi. Shi ya sa nake cewa duk mai son fara kallon tsuntsaye da ita ya kamata ya fara. A hoto baki kawai ake gani a yi dariya, sai ka zauna awa ɗaya kana kallonta tana aiki sannan za ka daina dariyar.

Su kuma tsofaffin hannu abin da ke jansu daban. Wani burinsa ya ga duka 8 ɗin a rayuwarsa, wanda sai ya taka nahiya huɗu ko biyar. Wani ƙirga yake yi duk shekara, kuma wannan ƙirgar tana da amfani sosai, don inda kwasakwasa suka taru to akwai kifi kuma ruwan na da lafiya, in suka ɓace daga wuri akwai abin da ya lalace.

Kayan farawa ba yawa. Madubin hangen nesa, wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya isa, sai hula da ruwan sha da ɗan littafin rubutu, kaya kuma marasa ɗaukar ido. Ka fita da sassafe don lokacin suka fi kamun kifi, in hantsi ya yi kuma ka ɗaga kai sama, lokacin suke hawa iska. In kana son bambance biyun nan na Afirka a sama, dubi ƙarƙashin fiffike, babbar fari ne tas da baƙi ƙirin a gefen baya, ƙaramar kuwa duk toka toka ne ba wani bambanci sosai. Kar ka jira jin kuka, manyan kusan shiru suke sai ɗan gurnani a wurin sheƙa, wurin sheƙar kuma tun daga nesa hancinka zai gaya maka ka iso, warin kashi da ruɓaɓɓen kifi ba a magana.

Abu ɗaya da nake roƙo, kar a matsa kusa da inda suke kwanci, ko da kwalekwale ko da ɗan jirgin ɗaukar hoton nan mara matuƙi. In suka firgita suka tashi gaba ɗaya, ƙwai na fashewa a ƙarƙashin ƙafafunsu, rana ta gasa 'ya'yan, hankaki su kwashe saura, wani lokacin ma su bar wurin ɗungum a shekarar. Hoto ɗaya bai kai wannan ba. In ka ga sun miƙe wuya duk suna kallonka to ka riga ka wuce iyaka, ja da baya.

Tambaya: Mu masunta muna ganin suna cinye mana kifi. Kuma wai ana cewa suna ƙarewa, to wanne ne gaskiya? Daga wani masunci.

Amsa: Baba ba zan ce maka ba sa cin kifi ba, babbar ɗaya na cin fiye da kilo 1 a rana, in dubu suka sauka a ƙaramin ruwa dole a ji a jiki, masu kiwon kifi a tafkunan gona sun fi kowa kuka da su. A Isra'ila har kifi hukuma ke zuba musu a wasu tafkuna na daban lokacin ƙaura don su ƙyale gonakin kifin mutane. Sai dai a babban ruwa yawanci inda ba zurfi suke kamu, kuma abin da ya fi rage kifi shi ne taru mai ƙananan ido da janyewar ruwa, wanda ku da su duka yake cuta.

Batun ƙarewa kuma ya danganta da iri. Biyun nan na Afirka har yanzu da sauransu da yawa. Ta Dalmeshiya da ta Peru suna cikin waɗanda ake sa wa ido. Abin da ke kashe su sananne ne, busar da fadamu, wayar lantarki da suke karo da ita, zaren fatsa da ƙugiya da ake yarwa su yaga musu jaka, in jaka ta yage kuwa kifi zubewa yake yi tsuntsuwa ta mutu da yunwa, sai malalar ɗanyen mai irin wadda aka yi a tekun Meziko a 2010. Sai kuma murar tsuntsaye, a farkon 2021 ta kashe wajen 750 a Djoudj, yawancinsu ƙanana, a 2022 ta kashe fiye da 1,000 na Dalmeshiya a tafkin Prespa na Girka, a ƙarshen shekarar kuma dubbai suka mutu a gaɓar Peru.

Amma suna farfaɗowa in an bar su. Mai ruwan ƙasa ta Amurka ta kusa shafewa saboda maganin ƙwari na DDT, yana bin ruwa ya shiga kifi, daga kifi ya shiga jikinta ya sa ɓawon ƙwai ya yi laushi, kuma ka tuna da ƙafa take kwanci, to tana hawa ƙwan sai ya fashe. A 1970 aka sa ta cikin masu haɗarin ƙarewa, a 1972 Amurka ta hana amfani da maganin, a 2009 aka cire ta daga jerin don ta dawo da yawa.

In ka tsinci matacciya ko mai layi a bakin ruwa, Baba kar ka taɓa da hannu kuma kar a kai gida kusa da kaji, a sanar da ma'aikatan dabbobi. In kuma ƙugiyarka ce ta kama ta, kar ka yanke zaren ka sake ta da shi, jawo ta a hankali, a samu mutum biyu, ɗaya ya rufe mata ido da tsumma ya riƙe bakin, amma ya bar shi a ɗan buɗe don ta baki take numfashi, hancinta kusan a toshe yake, ɗayan kuma ya cire ƙugiyar.